Yaya zan sa 'yan gidanmu su saurare ni a kan maganar rigakafi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta shiga tsakanina da 'yan gidanmu. An aiko da takarda daga makarantar da 'ya'yan yayana mata biyu suke cewa za a yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma Yaya ya amince ba tare da ya shawarci kowa ba. Ni kuwa na daɗe ina bibiyar bayanan da ba a sakawa a rediyo, kuma abin da na gamsu da shi shi ne manyan ƙasashe suna da manufar rage yawan haihuwa a ƙasashenmu, kuma irin waɗannan allurai na kyauta suna cikin hanyoyin da suke bi. Na tura saƙonnin murya da bidiyoyi a zauren iyalinmu na WhatsApp, amma Yaya ya ce in daina, ƙanwarmu da take aikin jinya ta ce ina tsorata mata a banza, Hajiya mahaifiyarmu kuma ta kira ni ta ce kada in raba mata kan 'ya'ya. Ba na neman su bi ra'ayina dole, abin da nake so shi ne su zauna su saurara su yi nazari. Wace hanya zan bi?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Malam, damuwarka tana da tushe, kuma duk wanda ya ce babu dalilin zargi bai san tarihin Kano ba. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa, kuma iyaye da yawa sun ce ba a taɓa faɗa musu cewa gwaji ake yi ba. Sai a ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar, sai kuma a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ka ƙara da takardar da gwamnatin Amurka ta shirya a 1974 a zamanin Henry Kissinger, wadda ta lissafa ƙasashe 13 da yawan jama'arsu ya dame ta, har da Najeriya. Ka ƙara da yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin bogi a garin Abbottabad na Pakistan a 2011 don neman Usama bin Laden. Ka fara da waɗannan, domin babu mai iya musa su, sannan ka kawo su ga maganar allurar.

Maman Haidar:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma ba zan musa ko ɗaya daga cikin abubuwa ukun da Abu Sadik ya kawo ba, domin duk sun faru. Sai dai ina roƙon Baban Ummi ya lura da dabarar da aka ba shi, wato a jera gaskiya uku sannan a rataya musu magana ta huɗu da ba ta da hujja, a bar nauyin ukun ya ɗauke ta. Trovan magani ne da ba a gama tantance shi ba, aka gwada shi a kan yara marasa lafiya cikin gaggawa, har takardar amincewar da aka nuna daga baya aka gano an mayar da kwanan watanta baya. Allurar da ake magana a kai kuwa tun 2006 aka fara amfani da ita, Ostireliya ta sa ta a makarantunta a 2007, Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, ta fara yi wa 'yan matanta a 2010, Ruwanda ta biyo baya a 2011. Najeriya sai a watan Oktoba na 2023 ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum ga 'yan shekara 9 zuwa 14. Ke nan ba a kanmu aka fara ba, mu ne ma muka makara, kuma Turawan da ake zargi 'ya'yansu suka fara yi wa.

Sannan ina so a tuna da cutar kanta, domin a irin wannan muhawara ita ake mantawa da ita. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna mata kimanin 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya a shekarar, kimanin 8,000 kuma suka rasu. Matan da nake gani sukan zo a makare, bayan sun shafe watanni suna zubar jini suna ɓoyewa saboda kunya, ana kai su wajen mai magani ana cewa jinnu ne ko sammu. Mace za ta shigo tana riƙe da mararta, ta naɗe tsumma a cikin zane, 'yarta tana biye da ita da buta da leda, mijin yana tsaye a bakin ƙofa yana lissafin abin da zai sayar ya kai ta inda ake gashin cutar. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai ɗauki maganar rigakafinta da wasa ba.

Baban Ummi:
Na gode, Maman Haidar, kuma Allah ya ba marasa lafiya lafiya. Amma ki yi mini adalci a kan abu ɗaya. Sau nawa aka yi wa mutum dariya a kan ra'ayinsa, daga baya ta bayyana shi ne mai gaskiya? Idan duk abin da hukuma ba ta amince da shi ba ƙarya ne, to iyayen yaran Kano ma da farko ƙarya aka ce suna yi.

Malam Na Zazzau:
Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta tsanaki. Gaskiya ne an sha yi wa masu gaskiya dariya. A farkon shekarun 1980 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ce ƙwayar cuta ce take haddasa mafi yawan gyambon ciki, a lokacin da manyan likitoci suka tafi a kan cewa damuwa ce da yawan sinadarin ciki. Ba a saurare su ba, har Marshall ya kai ga shan ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kamu da ciwon ciki, aka duba aka ga ƙwayar, ya sha magani. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Abin da ya kamata ka duba, ɗan'uwa, shi ne hanyar da suka bi. Sun faɗi maganarsu a fili ta yadda za a iya gwada ta, sun kawo abin da kowane ɗakin gwaji zai iya maimaitawa, kuma da gwajin ya ƙaryata su da sun faɗi. Su ma iyayen yaran Kano da sunayen yara da ranaku da takardun asibiti suka je kotu.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne ita kanta wannan allura daga irin wannan ra'ayi ta samo asali. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya nace tun shekarun 1970 cewa ƙwayar HPV, wadda wannan allura take karewa daga gare ta, ita ce take kawo sankarar bakin mahaifa, alhali mafi yawan masu bincike wata ƙwayar daban suke zargi. Sai da ya ciro shaidar ƙwayar daga cikin tsokar masu cutar aka sallama masa, aka ba shi Nobel a 2008.

To yanzu mu ɗora maganarka a kan wannan ma'auni. Ka ce allurar tana hana haihuwa. Wannan magana ce da za a iya gwadawa, kuma mu a Arewa mun riga mun gwada irinta. A 2003 an dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi bisa wannan zargi, kuma Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Yaran da aka ɗiga wa kafin lokacin da bayansa yau su ne iyaye, mu ne muke zuwa sunan 'ya'yansu, kuma har yanzu Arewa maso Yamma tana cikin yankunan da suka fi yawan haihuwa a ƙasar nan. Abin da dakatarwar ta haifar kuwa a rubuce yake: yaran da shan inna ta kama a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, kuma cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. Samarin da kake gani a kan keken guragu a mahaɗar tituna, wasunsu 'yan wannan zamanin ne. Saboda haka kafin ka tambayi yadda za ka shawo kan Yaya, ka tambayi kanka wace hujja ce idan aka kawo maka za ka janye. Idan babu irin wannan hujja, to abin da kake nema daga gare shi, wato ya saurara da zuciya buɗaɗɗiya, kai ba ka shirya ba shi ba.

Abu Sadik:
Malam Na Zazzau, na ji bayaninka, amma akwai tambayar da talaka yake yi wadda ba a taɓa amsa masa ba. Me ya sa idan ɗana yana zazzaɓi sai na sayi magani da kuɗina, har safar hannu da sirinji ni zan saya, amma ɗigon shan inna har gida ake biyo ni da shi kyauta, ana ƙwanƙwasa mini ƙofa ana rubutu da alli a bangona? Kuma ai su da kansu sun yarda cewa akwai nau'in shan inna da yake samo asali daga maganin ɗigon. Wannan ba jita-jita ba ce.

Maman Haidar:
Tambayarka ta farko ita ce wadda aka fi yi mana a bakin ƙofa, kuma mai yin ta yana da gaskiyar fushinsa. Amsarta ita ce kuɗin shan inna daga wani shiri na duniya yake fitowa wanda aka kafa a 1988 don kawar da cutar baki ɗaya, kamar yadda aka kawar da agana, kuma ƙasashen da suke zuba kuɗin suna da tasu riba a ciki, domin muddin cutar tana wani wuri to 'ya'yansu ma ba su tsira ba. Maganin zazzaɓi da kayan aikin asibitin sha-ka-tafi kuwa nauyin gwamnatocinmu ne, kuma a nan ne sakacin yake. Wanda ya hana ɗansa rigakafi don ya huce haushin gwamnati, ɗansa ya hukunta.

Magana ta biyu ma gaskiya ce, kuma ba a ɓoye take ba. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. Idan ta fita ta bayan gida ta yi ta yawo tsawon lokaci a tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya sake yin ƙarfi ta shanye ƙafa. Ke nan inda aka fi ƙin karɓa a nan take samun wurin zama, inda aka yi wa yawancin yara kuwa ba ta da hanyar bi. Haka ita ma allurar 'yan matan, ba zan ce ba ta da komai ba: hannu yakan yi tsami ko ya ɗan kumbura, wata takan yi zazzaɓi na kwana ɗaya, wata takan ji jiri har ta faɗi, shi ya sa ake zaunar da su na kusan minti 15 bayan an yi. Maganar hana haihuwa kuwa an bi sawun 'yan matan da aka yi wa a ƙasashe da dama ba a same ta ba.

Ɗan Maraɗi:
Ina so in taɓa ɓangaren siyasar, tunda Baban Ummi a kansa ya gina maganarsa. Mu a Nijar ba sai an koya mana zargin Faransa ba. Tun farkon shekarun 1970 ake haƙar yuraniyom a Arlit ana fita da shi, alhali yawancin ƙauyukanmu ba su san wutar lantarki ba, kuma da idonmu muka ga sojojinsu sun kwashe kayansu a ƙarshen 2023. Amma na lura cewa saboda wannan tarihi na gaskiya, yanzu duk abin da aka jingina wa Faransa ko Amurka mutane karɓa suke yi ba tambaya. A watan Disambar 2024 Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi hira da Hausa ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya fito ya musa, kuma a gidaje da yawa na iyakar nan 'yan'uwa sun yi ta cacar baki, kowa ya ɗauki ɓangaren da zuciyarsa ta riga ta karkata, ba tare da ɗayansu ya ga wata takarda ba. Shawarata ga Baban Ummi ita ce ya raba maganganunsa gida biyu. Abin da yake da shaida, kamar Trovan da takardar Kissinger, ya faɗa wa 'yan gidansu a matsayin tarihi da ya kamata kowa ya sani. Abin da zato ne, ya kira shi zato. Ita ma takardar ta 1974, in ya karanta ta, zai ga maganar tallafa wa shirye-shiryen tsarin iyali take yi don biyan buƙatun Amurka, abin da mutum yana da damar ya ƙi, amma babu inda ta ce a zuba wani abu a cikin allurar yara.

Gwaggon Yara:
Baban Ummi, ni zan yi maka magana ne a matsayin uwa. Yaran nan 'ya'yan yayanka ne, shi Allah zai tambaya a kansu, kuma ya yanke hukunci bayan yana da ƙanwa ma'aikaciyar jinya a gida. Kana da haƙƙin ka ba shi shawara sau ɗaya cikin ladabi, kai da shi, amma tura saƙonni a zauren da matarsa da 'ya'yansa da ƙannensa suke gani tamkar ce masa kake yi bai san ciwon iyalinsa ba, kuma babu babban da zai saurare ka bayan ka yi masa haka a gaban na ƙasa da shi. Sannan ka tuna da matarsa. Idan ka dasa mata tsoro ta hana a ɓoye, ka haɗa miji da mata faɗa. Idan aka yi allurar kuma, duk ranar da ɗaya daga cikin yaran ta yi aure ta ɗan jima ba ta samu ciki ba, abin da yake faruwa tun kaka da kakanni, maganarka za a tuno, a ɗora wa uban laifin da ba nasa ba. Hajiya ta hango wannan ne ta kira ka.

Ina kuma tuna maka watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashe mu da tsakar dare a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Ba maƙiyi ne ya kira mu ba, 'yan'uwa ne masu ƙaunarmu, kuma mutane sun mutu a dalilin haka, wasu masu hawan jini aka kwantar da su. Allah ya ce a cikin Suratul Hujurati idan aka zo mana da labari mu bincika, kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Wannan umarni ya hau kan labarin gwamnati, ya kuma hau kan saƙon muryar da ba ka san wanda ya naɗe shi ba.

Baban Ummi:
Na gode, Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Zan daina turawa a zauren, kuma zan je wajen Hajiya in kwantar mata da hankali. Amma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ba ta sauka daga zargin ba, domin wanda ya cuce ka sau ɗaya da wuya ka sake sakin jiki da shi. Abin da nake tunani shi ne in sami Yaya da ƙanwarmu mu zauna mu uku, in kawo tambayoyina ita ta amsa. Waɗanne tambayoyi ne kuke ganin sun dace?

Malam Na Zazzau:
Ba wanda ya ce ka saki jiki, kuma al'ummar da ba ta tambaya ita aka yi wa abin da aka yi a 1996. Ka tambayi sunan allurar da kamfanin da ya yi ta, ka tambaya ko NAFDAC ta yi mata rajista, ka nemi a nuna maka takardar da take zuwa cikin kwalin ka karanta illolin da aka lissafa. Ka tambayi yadda ake adana ta cikin sanyi daga ma'ajiya zuwa makaranta, domin a ƙasarmu wannan ya fi zama abin damuwa na zahiri. Ka tambayi inda ake kai rahoto idan yarinya ta samu matsala, da wanda zai ɗauki nauyinta. Sannan ka ɗauki bidiyon da ya fi gamsar da kai guda ɗaya tak, ku bi shi tare da ƙanwarka: wane ne mai maganar, a ina ya yi karatu, wane bincike ya ambata, kuma yana sayar da wani magani ko a'a. Da yawa daga cikin maganganun da ke yawo a kan rigakafi suna komawa ne ga wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, wanda ya wallafa bincike a kan yara 12 a 1998, daga baya aka gano maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010 aka kuma soke lasisinsa.

Maman Haidar:
Ina ƙara abu ɗaya a kan jerin Malam. Idan kun zauna, ka roƙi ƙanwarku ta duba katin rigakafin duk ƙananan yaran gidan, har da na Ummi, domin mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 yawancin yaran da ya kama waɗanda ba a yi wa allurarsa ba ne ko ba a kammala musu ba. Ta kuma yi wa matan gidan bayanin gwajin bakin mahaifa, tunda su sun wuce shekarun da ake yi wa wannan allura a makaranta, kuma idan aka gano matsalar da wuri ana magance ta kafin ta zama sankara.